Fulogi yana jiƙewa da baƙin mai, mota tana shan mai: lallai ringi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Camry ta 2008 mai silinda huɗu, daga Kwatano aka kawo mini ita shekara biyu da suka wuce. Wata uku ke nan tana rawa a silo, har an canja fulogi sau biyu. Duk sanda aka kwance, na uku ne yake fitowa baƙi, jiƙe da mai. Baƙin mai kuma yana raguwa, in na je Abuja daga Kano na dawo sai na ƙara kusan lita ɗaya, ga shi ba ta ɗiga a ƙasa, hayaƙi ma ban cika gani ba. Wani bakanike ya ce ringi ne, a sauke inji. Wani ya ce in koma mai kauri, 20W-50, in zuba tiritman. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sawwaƙe. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Mai yiwuwa ne na farkon da ya ce ringi ne, wato zobban da ke jikin fistan, ya faɗi gaskiya, domin injin da ke cikin motarka an san shi da wannan ciwo, zan kuma yi maka bayaninsa a gaba. Amma bai auna komai ba ya yanke hukunci, kuma sauke inji ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ka lura, koke biyu ka kawo mini a haɗe: fulogi ɗaya da yake lalacewa, da baƙin mai da yake raguwa. Suna iya zama ciwo ɗaya, suna iya zama biyu da suka taru a mota ɗaya. Sai an raba su sannan a san inda za a sa hannu.

Abin da zan fara tambayarka da kana gabana shi ne: a ina man yake a jikin fulogin? Mutane da yawa suna tsallake wannan tambayar, alhali ita ce mabuɗin komai. A irin injinka, kowane fulogi yana zaune ne a ƙasan wani rami mai zurfi kamar rijiya, kwayil, wato abin da ke ba shi wuta, yana bisa kansa. A bakin kowane rami akwai roba mai zagaye da take haɗe da gasket ɗin murfin saman inji. Aikinta ta hana man da ke watsuwa a ƙarƙashin murfin ya gangara cikin ramin. In ta tsufa sai ta bushe ta yi tauri kamar busasshiyar fata, mai ya riƙa tsiyaya yana taruwa a gindin fulogi ta waje. Ranar da aka zo kwancewa, da an sassauta shi sai man ya bi zaren ya gangara ya wanke bakin fulogin. Wanda bai duba ba sai ya ɗago shi yana ɗiga, ya ce ai ga shi nan, ringi ya mutu.

Saboda haka kafin a sa sifana, a zare kwayil a dubi doguwar robar da ke ƙasansa. A haska fitilar waya cikin ramin. In robar kwayil ta jiƙe, ko ka ga mai ya kwanta yana ƙyalli a kewayen farin tangaran ɗin fulogi, to wannan man daga waje ya zo, bai taɓa shiga inda ake ƙona fetur ba. Shi ma yana sa misin, wato silinda ta riƙa ɗauke wuta inji yana rawa, domin yana kumbura robar, wuta ta riƙa tsallakewa ta gefe maimakon ta sauka bakin fulogi. Wani lokaci har za ka ga wani siririn baƙin layi a jikin tangaran, kamar an ja da fensir, nan ne wutar take bi.

Akwai wata mota da aka taɓa kawo mini gareji, mai ita ya riga ya tara kuɗin ringi da gasket, har an sa masa ranar sauke inji a wani wuri. Da na ɗaga kwayil na biyu, ramin cike yake da mai har ya kusa rufe kan fulogin. Muka tsotse shi da sirinji, muka cusa tsumma muka goge, sannan muka kwance. Bakin fulogin a bushe yake, launin ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Gasket ɗin murfi da robar kwayil ɗaya muka canja, kafin la'asar ya tafi. Ban ce taka haka take ba, domin yoyon wannan roba kaɗai ba ya cinye lita guda a kilomita 900, wato kusan tafiyarka daga Kano zuwa Abuja da dawowa. Amma yana iya zama shi ne dalilin da ya sa na uku kaɗai yake fitowa a jiƙe, shan man kuma yana da nasa dalilin daban.

To in ramin a bushe yake, bakin fulogin ne ya jiƙe, sai a tabbatar mai ne ko fetur. Fulogin da ba ya ba da wuta yakan fito baƙi a jiƙe, amma da fetur. Ka shinshina shi. Ka goga bakinsa a farar takarda ka ajiye minti biyar: fetur zai bushe ya bar ɗan baƙin tabo, baƙin mai kuwa zai bar maiƙo kamar takardar da aka naɗe ƙosai, kuma ba zai bushe ba. In baƙin a bushe yake, mai laushi kamar baƙin gindin tukunya, yana fita a yatsa, wannan alamar fetur ne ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan: iyakilina mai tace iska ta toshe, nozul mai fesa fetur yana ɗiga, ko motar ba ta tafiyar da za ta ɗauki zafi sosai. Babu ruwan ringi a nan.

Akwai alamar da ta fi jiƙewa gaya mini gaskiya, ita ce toka. Injin da ya daɗe yana ƙona mai kaɗan-kaɗan yakan tara wani ɓawo mai tauri, fari-fari ko ruwan ƙasa, a kan ƙarfen bakin fulogi, kamar kanwa ta bushe a kai. Sinadaran da ake haɗawa cikin baƙin mai ne suke barin wannan toka in sun ƙone. Shi ya sa nake so a kwance duka huɗun, a huda kwali a jera su bi da bi daga na ɗaya zuwa na huɗu, kada a cakuɗa. In dukkansu suna da toka amma na uku ya fi muni, injin gaba ɗaya ne yake shan mai, na ukun ya riga sauran gajiya ne kawai. In ukun tsaf suke, launin toka-toka ko ƙasa-ƙasa, shi kaɗai ne ya lalace, to ciwon na silindarsa ne shi kaɗai. In kuma ka ga wani ya fita daban da tsabta, kamar an wanke shi da sabulu, ka duba ruwan lagireto, domin ruwa ne yake wanke fulogi haka, wannan kuma zancen gasket ɗin tof ne, wato kan injin da ya rufe saman silinda.

Gwaji na gaba kyauta ne. A ɗauki kwayil na uku a kai shi silinda ta ɗaya, na ɗaya a kawo shi ta uku, a sa fulogi mai tsabta, ka yi tafiyar kwana biyu ko uku. In an sa na'urar kwamfuta, misin a silinda ta uku yana nuna P0303. Idan bayan musayar lambar ta koma P0301, ciwon ya bi kwayil, ka ga an kama ɓarawo. Dalilin da ya sa na damu da wannan: bakin fulogi yana tsabtace kansa ne in ya kai zafin kusan digiri 450 zuwa 500. Wanda wutarsa take ɗaukewa ba ya kai wannan zafi, don haka ɗan man da sauran ukun suke ƙonewa ba a gani, shi a wurinsa sai ya taru ya danƙare. Ka kuma tabbatar da irin fulogin da ake sa maka. Na wannan inji shi ne Denso SK20R11 ko NGK IFR6A11, tazarar bakinsa milimita 1.1. Na jabu sun yi yawa a kasuwa, kwalinsu kamar na gaske, ka saya wurin wanda ka yarda da shi ko da ya fi tsada.

Yanzu sai batun raguwar mai. Kusan lita ɗaya ka ce, ni kuwa ina son lamba tabbatacciya. Ka ajiye motar a wuri mai daidai, ba gangare ba, ka kashe ta bayan ta ɗauki zafi, ka jira kamar minti goma man ya gama sauka. Ka cika shi daidai kan layin sama na geji, wato sandar auna mai, kada ka wuce, domin man da ya wuce layi shi ma yana sa inji ya riƙa turo shi sama yana ƙonewa. Ka rubuta lambar mita. Bayan kilomita 500 ka dawo wuri ɗaya, ka auna ta hanya ɗaya, ka ƙara da robar da ke da awo a jiki, ka rubuta nawa ta ci. Ka lura ko mitar motarka mil take ƙirgawa, tunda 'yan Kwatano da yawa daga Amurka suke: mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ka kuma shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare, sannan a hau da ita kan rami a duba cikinta. Akwai yoyon da sai ana gudu yake zuba, iska ta kwashe shi ta shafe ƙasan motar, ba ya taɓa ɗiga a inda kake kwana da ita. Wurin haɗuwar inji da giya da gefen murfin cen, wato sarƙar inji, su ne nake fara dubawa.

In ta tabbata babu yoyo, to man ta salansa yake fita, kuma hanya uku ce yake bi ya isa wurin wuta. Ta farko, wadda ta fi araha, ita ce bawul ɗin numfashin inji, wanda ake rubutawa PCV. Kowane inji, komai lafiyarsa, yana sakin ɗan tururi ta gefen fistan zuwa ƙasa, wannan bawul ne yake mayar da tururin cikin manifol, bututun da ke kai iska cikin inji, a sake ƙona shi. A motarka yana ɗaure a jikin murfin saman inji, da tiyo a bakinsa. A kwance shi a girgiza a kunne, lafiyayye yana ƙara kas-kas. In ya yi shiru ya danƙare. Idan a buɗe ya maƙale, inji zai riƙa zuƙar mai kamar ta tsinken lemo. Idan a rufe, iska za ta taru a ciki ta riƙa turo mai ta kowace roba. Ka sa yatsa a cikin tiyon, in ka ji mai yana kwance har yana ɗiga, akwai magana. Ni ko lafiyarsa ƙalau nakan ce a canja shi a motar da ta kai wannan shekaru, kuɗinsa bai kai na fulogi huɗu ba.

Hanya ta biyu ita ce robobin bawul. Injinka yana da bawul 16, kowanne da 'yar roba a wuyansa mai hana mai bin sandarsa ya gangara. Zafi da shekaru suna busar da su. Alamarsu a lokacin hayaƙi take. Ka sa wani ya tsaya a bayan motar da asuba, bayan ta kwana, kai ka tayar. In ta yi aman shuɗin hayaƙi na ɗan lokaci sannan ta washe, man da ya tsiyaya cikin dare ne ya ƙone. Haka in ka daɗe a cunkoso tana silo, ko ka sauko dogon gangare ƙafarka ba ta kan totur, da ka taka sai ta watso hayaƙi sau ɗaya, wannan ma ya fi kama da robobin bawul, domin a lokacin ne inji ya fi tsotso. Hayaƙin ringi kuwa ya fi fitowa in an matsa mata, a hawa ko wajen wuce wata mota, kuma yana ci gaba muddin ƙafa tana kan totur. Kada ka ruɗe da farin tururin sanyin safiya na hunturu, wannan ruwa ne, yana ɓacewa nan da nan. Na mai shuɗi-shuɗi ne, yana daɗewa a iska, yana da ƙauri mai kama maƙogwaro.

Ka ce ba ka cika ganin hayaƙi ba. Wannan bai wanke injin ba. Katalis ɗin da ke cikin salansa yana tace hayaƙi, wanda wasu suke kira indomi, in ya yi zafi yana ƙone mafi yawan hayaƙin kafin ya fito. Mota tana iya shan lita a kilomita dubu bayanta fes. Ka sa yatsa a bakin salansa in ta huce, busasshen baƙi ba komai, mai maiƙo kuwa shaida ne.

Hanya ta uku ita ce ringi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin a nan aka fi yin kuskure. Kowane fistan yana da ringi uku. Biyun sama su ne masu riƙe matsi, su hana ƙarfin wuta tserewa ƙasa. Na ukun, na ƙasa, aikinsa daban: shi ne yake kankare man da ke jikin bangon silinda duk sanda fistan ya sauka, ya tura shi ta wasu ƙananan huji da ke bayansa a jikin fistan, man ya koma tukunya. In mai ya daɗe ba a juye ba, ko ba mai kyau ba ne, ko inji yana yawan ɗaukar zafi, sai ya dahu a cikin wannan kwarin ya zama gawayi mai tauri. Hujin su toshe, ringin ya manne a cikin kwarinsa ya daina buɗewa ya taɓa bango. Daga nan duk man da ya hau sai ya zauna a can ya ƙone. Na sha zare irin wannan fistan a hannuna: ringin sama biyu suna juyawa sumul, na ƙasan kuwa sai an sa tsinin wuƙa an ɓanɓaro shi, hujin kuma ba ka ma ganin inda suke sai ka kankare.

Injin Camry ɗinka, 2AZ-FE mai lita 2.4, sananne ne da wannan. A 2011 kamfanin Toyota ya fitar wa dillalansa a Amurka takardar gyara a kan shan mai a wannan inji, ta haɗa da Camry ta 2007 zuwa 2009 da RAV4 ta 2006 zuwa 2008 da wasu. Ma'aunin da suka sa shi ne, in mota ta sha fiye da kwat ɗaya, wato kaɗan ƙasa da lita, a mil 1,200, kusan kilomita 1,900, ta cancanci gyara, gyaran kuwa sababbin fistan ne da ringi da aka sake wa fasali. A 2015 suka tsawaita garanti a kan matsalar zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Wannan wa'adi ya wuce, ba abin da za ka nema ba ne yanzu, amma ma'aunin yana da amfani a gare ka. In lissafinka daidai ne, lita a kusan kilomita 900, motarka tana shan kamar ninki biyun abin da su kansu suka ɗauka ya yi yawa. Shi ya sa na ce bakaniken farko yana iya zama da gaskiya.

Sai dai ga inda ake zamewa. Mutum ya sa gejin matsi, ya ga kowace silinda ta ba da lamba mai kyau, ya ce ringi lafiya. Gejin matsi ringin sama yake aunawa, ba ya ganin na mai. Har ma man da ya taru a bango yakan toshe 'yan kafofi ya sa lambar ta yi kyau fiye da gaskiya. Duk da haka a yi gwajin, domin yana amsa tambayar silinda ta uku. Inji da ɗuminsa, a cire fulogi duka, a cire fiyus ko rile na famfon fetur, a danne totur har ƙasa, batir da ƙarfinsa, a yi kik iri ɗaya a kowace silinda. A wannan inji, ƙasa da kusan 142 a ma'aunin psi ya yi kaɗan, kuma bambanci tsakanin silinda da 'yar'uwarta bai kamata ya wuce kusan 14 ba. In ta uku ta faɗi, a zuba mata mai cokalin shayi guda ta ramin fulogi a sake aunawa. In lambar ta yi tsalle sama, ringi ko bango ne ya ci. In ba ta motsa ba, bawul ne ba ya rufewa ko gasket. In kuwa duka huɗun sun yi daidai, ga toka a fulogai, babu yoyo, an canja PCV, babu hayaƙin asuba, amma mai yana tafiya, to ringin mai ne ya manne, ko da geji ya ce komai lafiya.

In garejin yana da kwamfireso, akwai gwajin da ya fi wannan: a kai fistan can sama bawul a rufe, a hura iska ta ramin fulogi, a saurara. Huci a bakin zuba mai ringi ne, a salansa bawul ɗin fitar hayaƙi, a wajen iyakilina bawul ɗin shiga, kumfa a lagireto kuwa gasket. Akwai kuma 'yar kyamara mai igiya da ake haɗawa da waya, yanzu ba ta da tsada, ana zura ta ramin fulogi. Da ita za ka ga ko bangon silinda ta uku yana da zane a tsaye, ka ga kan fistan. Fistan da mai yake hawa ta gefensa yakan nuna gefuna a wanke da jiƙe, tsakiya kuma da gawayi.

Abin da yake gaggauta wannan ciwo a wurinmu ba ɓoyayye ba ne. Ƙurar hunturu ta farko: iyakilinar da ta yage, ko akwatinta da aka bari maɗaurinsa a karye, yashi ne take shigarwa kai tsaye, shi kuma yana cin bango da ringi kamar samfefa. Na biyu man awo da ake sayarwa a gora a bakin titi, da wanda aka ɗura a tsohuwar jarka aka liƙe. Araha ba ta ado. Na uku juye a kan lokaci: mai yawan zirga-zirga a cikin gari, ga zafi ga ƙura, kada ya wuce kilomita 5,000. Sai kuma cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, abin da ya zama al'ada a garejinmu, ni kuwa ban taɓa yarda da shi ba. Injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan fetur da yawa, fetur ɗin yana wanke bango yana gurɓata mai.

Shawarar bakanike na biyu ita ce na fi tsoro. Gaskiya ne mai kauri yana rage shan mai na ɗan lokaci, tunda ba ya saurin wucewa. Amma littafin wannan mota na Amurka 5W-20 ko 0W-20 ya rubuta, kuma injin yana da VVT-i, na'urar da ke sarrafa lokacin buɗe bawul da ƙarfin mai ta wasu siraran hanyoyi, ga tenshinan cen shi ma da mai yake aiki. In ciwonka toshewar ƙananan huji ne, mai kauri da tiritman mai kama da zuma ya fi wahalar bi ta cikinsu, ka ga gyaran gangar Auzinawa ke nan. A zafinmu, ga inji ya tsufa, ni nakan ce 5W-30 mai kyau, in ta matsa 10W-40, ban wuce nan. Haka ƙaramin bututun da ake ɗaurawa a bakin fulogi don a janye shi daga mai: yana hana misin na ɗan lokaci, amma man yana nan yana ƙonewa.

Akwai abin da ake gwadawa kafin a buɗe inji, wato jiƙa fistan. A cire fulogai, a zuba ruwan narkar da gawayi na musamman a kowace silinda, a bar shi ya kwana, a riƙa juya inji da hannu kaɗan-kaɗan. Wani lokaci ringin yana saki, shan mai ya ragu sosai. Wani lokaci hujin sun riga sun danƙare, ba ya yin komai. In za a yi, dole a yi kik babu fulogi, tsumma a kan ramukan, har ruwan ya fita duka, domin ruwa ba ya matsuwa, in aka tayar da shi a ciki kwanrod, sandar da ke riƙe da fistan, zai lanƙwashe. Sannan a juye mai da filta nan take. Kada ka yarda a zuba maka kananzir ko gas a cikin tukunyar mai a bar inji yana aiki da sunan wanki, metal, wato beyarin cikin inji, shi ne zai biya.

In duk gwaje-gwajen sun nuna ringi, to a yi aikin sau ɗaya a yi shi daidai. Sa sabon ringi a kan tsohon fistan da hujinsa a toshe shi ne dalilin da ya sa kake jin mutane suna cewa an yi wa motarsu ringi, bayan wata shida ta koma gidan jiya. A sa fistan sabon fasali in an samu na gaske, in ba haka ba a wanke kwarin tas, a buɗe kowane huji har haske ya ratsa. A auna silinda da ma'auni, ba da yatsa ba. Bulok ɗin wannan inji na alminiyam ne da siririyar rigar ƙarfe a ciki, ba kamar na tsohuwar Peugeot 504 ba da ake zare siliba, wato rigar silinda, a sa wata, don haka in zanen ya yi zurfi sai a yi tunanin wani bulok. Tunda tof yana ƙasa, a canja robobin bawul duka 16 a lokaci ɗaya, a duba metal da cen. In kuma ka zaɓi sayen injin Belgium a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ka tuna shi ma yana iya zama daga cikin masu wannan ciwo. Ka sa a kwance fulogansa a gabanka, a buɗe murfin sama ka ga ko cikinsa ruwan zuma ne ko baƙin kwalta, ka kuma karɓi sharaɗin mayarwa a rubuce. Idan kuwa robobin bawul ne kaɗai, gwani yana iya canja su ba tare da sauke tof ba, ta hanyar riƙe bawul da iskar kwamfireso.

Kafin ka kai ga gyara, motar za ta iya ci gaba da kai ka inda za ka, in ka kula da abu biyu. Ka riƙa duba geji duk sanda ka sha fetur, da lita ɗaya a but kullum. Injin nan lita 4.3 yake ɗauka da filta, a yadda take sha tafiya uku zuwa Abuja da dawowa ta isa ta bar lita ɗaya da 'yan kai kawai a ciki. Kada ka jira jar fitilar mai, domin ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turawarsa take gani, sanda za ta kama famfo ya riga ya fara zuƙar iska. Na biyu, in fitilar cek ta fara ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, ka sassauta ka nemi wurin tsayawa. Ɗanyen fetur ne yake shiga katalis yana ƙonewa a can, yana iya narkar da shi, ga shi tokar mai ta riga ta fara toshe shi tare da sensan iskar salansa. In ka ga lambar P0420 a na'ura, ya fara gajiya ke nan, amma kada ka sayi sabo sai an tsayar da shan man, in ba haka ba sabon ma hanyar zai bi.

Gobe da safe ka fara da ramin fulogi na uku da fitilar waya, sai musayar kwayil, sai PCV, ka cika mai ka rubuta mita. In ka samu lambobin matsi na silinda huɗun da hoton fulogan a jere, ka turo mini su tare da adadin da ta sha a kilomita 500, sai mu ga ko za a fara da jiƙa fistan ko kai tsaye za a buɗe.